Kwata Biyun Feride

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Maigidana Sabri ya tafi gidan shayi wajen abokan hirarsa. Na wanke kofuna, na share kicin sau biyu ko da yake ba datti. Littafin nan don lissafi na saye shi. Na ja layi a tsakiya, na rubuta "shuɗin kati" a dama, "jan kati" a hagu, katunan bashina biyu na banki ke nan, sai hannuna ya ƙi ci gaba. Ni Nermin, da na shekara ashirin da shida ina koya wa yaran garinmu Denizli tarawa da ɗebewa, ina buga rula a allo in yaro ya manta abin da ya ajiye a ka, yau lamba biyu sun gagare ni haɗawa.

Jibi ranar adashinmu na zinariya, a gidan Sevim. Kwata biyu zan kai, wato ƙananan tsabar zinariya biyu. Jiya na je wajen mai zinariya, ya ce tsabar kwata ta haura lira dubu biyar. A watan Fabrairu da muka fara zubi ba ta kai dubu uku da rabi ba. Ya turo mini na'ura, na miƙa masa shuɗin, ya ɗora la'adarsa a kai kamar yadda ya saba. "Allah ya sa albarka, Malama." Na ce amin, ban dubi fuskarsa ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Saƙon banki uku. Ban buɗe ko ɗaya ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na dawo. Cikina cike da ganyen inabi naɗaɗɗe da kek kala uku, amma ban ji ɗanɗanon komai ba. Sevim ta zuba mana turaren lemo a hannu a bakin ƙofa, ta jera mana silifas sababbi, ta tabbatar kowa ya ga sabon labulenta. Da shayi ya zagayo na biyu, Yaya Mukaddes, uwar adashinmu, ta sa tabarau ta buɗe littafinta. Mu goma ne, hannu sha ɗaya. Tana kiran suna, kina tashi ki ajiye kwatarki a faranti.

"Nermin."

"Ga shi, Yaya."

"Gulay."

"Ga nata."

"Ita dai wannan ƙanwar taki, sai dai mu ga zinariyarta. Ko Izmir ɗin ba mota ne? Wata mai zuwa rufewa za mu yi, ki ce mata in ba ta zo ba, ni zan je in kamo ta da kunne."

Aka yi dariya, ni ma na yi, har na fi kowa.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda takarda ba ta da baki. Gulay ƙanwata ce, tana Izmir da gaske, amma ba ta san da wani adashi ba. Hannu biyun duka nawa ne. Na ari sunanta ne don na ji nauyin a ce matar Sabri mai gyaran bas tana zuba biyu, a fara tambayar ina take samu. Na kwashi hannun farko a watan Maris, na biyu a Afrilu, kwata sha takwas. Tun daga nan nake mayar da biyu duk wata, da kati.

Na Maris ɗin ma ba nawa ba ne. Maƙwabciyata Feride ce ƙuri'a ta faɗa wa. Na hau wajenta a hawa na biyar na ce ina da uzuri, ko tambayar uzurin ba ta yi ba, ta ce, "Ɗauki mana, ni in koma ƙarshe. Haƙoran nan sun jira shekara huɗu, wata tara ba zai kashe su ba." Yau tana gefena, tana tsoma kek a shayi har ya yi laushi kafin ta kai baki. In za ta yi dariya sai ta sa hannu ta rufe. Saura ita kaɗai a layi, biyar ga Disamba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Ba zan rubuta maganar Tolga ba. Ɗana ne, ya kira uwarsa yana kuka, ubansa kuma ya riga ya rantse ko lira ɗaya ba zai ƙara ba shi ba. Iyakar abin da zan ce ke nan. Kwata sha takwas suka bi ta can. A watan Yuli ya sake kira, warwarona suka bi bayansu, na ƙara da abin da na ciro da jan kati. Waɗannan da ke hannuna yanzu na jabu ne, daga nesa dai ba mai ganewa.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu na rana

Aikin da nake yi duk wata ke nan. In je na'urar banki, in ciro tsabar kuɗi da jan, in tsallaka titi zuwa ɗaya bankin, in zuba wa shuɗin mafi ƙarancin abin da suka yarda a biya. Bayan kwana goma in juya, in ciro daga shuɗin in toshe bakin jan. Ina tona rami ina cike rami, kuma kowace ɗiba sai ƙasar ta ragu.

Ina tsakiyar titi riƙe da kuɗin na ci karo da mijin Sevim. "Malama, yau fansho ya yi albarka ke nan!" Na ce masa kuɗin gas ne. Ƙarya ta zame mini kamar atishawa, ba na ma sanin lokacin da take fitowa.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

Muna cin abincin rana waya ta yi ƙara. Lambar banki. Na kife ta a kan tebur.

"Ba za ki ɗauka ba, uwargida?"

"Masu talla ne."

"Waɗannan 'yan katin? Ki ce musu mijinki ya shekara sittin da bakwai bai taɓa cin burodin da bai biya ba."

Ya ci gaba da shan miyarsa, yana tsoma burodin da na saya da kati.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je. Ba reshen bankin unguwarmu ba, Allah ya kiyaye, can na shiga bas har tsakiyar gari inda ba wanda ya san ni. Na ɗauki lamba, na zauna, sau biyu ina miƙewa in tafi. Wadda ta karɓe ni mace ce mai kimanin shekara hamsin, gashinta ya fara fari, ga kofin shayi ya huce a gabanta. Ta duba kwamfuta, ta dube ni.

"Wannan ne kaɗai, Malama, ko akwai wani a wani bankin?"

Na ce akwai. Ta sa na buɗe saƙonnin da nake gudu. Ta rubuta lamba biyu a bayan wata takarda, ta ja layi, ta haɗa, ta juyo mini da ita.

Dubu ɗari da sittin da uku.

Ga shi na rubuta. Ban mutu ba, amma kunnuwana sun yi ta ƙara kamar an mare ni.

Ta ce, "Kin san nawa ne kuɗin ruwa kaɗai duk wata, da harajin da ke kansa? Dubu tara da 'yan kai. Duk wannan tsallaka titin da kike yi, ruwa kike biya, uwar kuɗin tana nan tana ƙiba. Kuma ciro tsaba da kati shi ya fi komai tsada, tun ranar da kika ciro yake fara ƙirga."

"Ai ina biyan abin da suka ce in biya."

"Mafi ƙaranci suka ce. Wannan don kada a kira ki ne, ba don ki gama ba."

Ta ce akwai hanya. A rufe katin, a mayar da bashin biyan wata-wata da ruwa mai sauƙi, kusan uku cikin ɗari maimakon biyar. In je ɗaya bankin in roƙi haka. Ta ce ana iya ja har shekara biyar, amma kada in ruɗu da ƙanƙantar biyan, iya tsawon lokaci iya yawan ruwan, in zaɓi mafi gajarta da wuyana zai iya ɗauka. In kuma wani abu ya faɗo mini, ko kaɗan ne, in fara kai shi ga wanda ya fi ruwa.

Duk na gane. Ai ni malamar lissafi ce. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya.

"Rufewa fa, dole ne?"

"Ana kwashe ruwa a ɗaki famfo yana buɗe, Malama?"

Na ce zan yi shawara da maigida. Ta ce to, da irin muryar wadda ta saba jin haka. Na fito har na manta lemata a kujera, ban koma ɗauka ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na zauna na yi lissafin da kaina, yadda zan ba ɗan aji biyar. Kwata biyun da na saya a watan Mayu har yau ban gama biyansu ba, ga shi sun ci mini kusan kuɗin uku. Wadda na kai wa su ta riga ta aurar da 'yarta da su, 'yar ma an ce tana da ciki.

Na tuna yadda nake ɗaga hanci in an ce wance ta ci bashin banki. "Mutum ya tsaya iya tsawon bargonsa mana," haka nake cewa, ina kurɓar shayi. Bakina ya ja mini.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Na yi salla, na ɗaga hannu, na rasa ta inda zan fara. Kuɗin ruwa. Uwata da tana raye da ta ƙi cin abincin gidana.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Feride ta sauko da ƙunshi a hannu. Safa ce ta ulu, ja da fari, ita ta saƙa.

"Ta Gulay ce. Ban san girman ƙafarta ba, na yi daidai taki. Baiwar Allah, wata goma tana zubi ba ta taɓa makara ba, ko shayinmu ba ta sha ba."

Na karɓa, na ce Gulay za ta ji daɗi. Sai ta ciro takardar likitan haƙori daga jaka, ta shimfiɗa a gwiwata. Sama da ƙasa duka za a yi mata. Ta ba da kafin alƙalami daga ɗan abin da marigayi mijinta ya bari, saura kuma kwata goman da za ta kwasa za su biya cif, ba ragi ba ƙari. An sa mata ranar goma ga Disamba.

"Kin san abin da zan fara ci, Nermin? Gasasshiyar gyaɗa. A gabanku duka, in kuma yi ta surutu baki buɗe har Mukaddes ta kore ni."

Ta rufe baki tana dariya. Na tashi na ce bari in duba shayi, na tsaya a kicin har sai da fuskata ta dawo daidai.

Na yanke shawara. Shuɗin yana da sauran gurbi, dubu sha ɗaya da ɗari biyu, na duba. Zan sayi kwata biyun Feride da shi, na ƙarshe ke nan, sannan in je in sa hannu su rufe duk abin da za su rufe. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, bayan azahar

Ina jiran farashi ya ɗan sauka. Na zauna gaban talabijin ina kallon lambobin da ke gudu a ƙasan labarai kamar mai jiran sakamakon asibiti. Sabri ya ce, "Tun yaushe kika zama 'yar kasuwa?" Na ce ina duba yanayin gobe ne.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da safe

Ranar malamai. Saƙo sha huɗu daga tsofaffin ɗalibai. Wani ya rubuta, "Ke kika koya mana gaskiya, Malama." Na kashe wayar.

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Farashi bai sauka ba, na haƙura na je. Shagon cike, wata amarya da danginta suna gwada sarƙa. Mai zinariya ya hango ni ya ɗaga murya don fara'a.

"Malama! Biyu, kamar kullum?"

Ya naɗe su a jar takarda, ya zura katin. Na'ura ta yi shiru, ta tofo 'yar takarda. Ya goge katin a rigarsa ya sake zurawa. Ta sake tofowa.

"Wataƙila layi ne ba kyau," in ji shi, a hankali yanzu. Uwar amarya ta juyo ta dube ni daga ɗankwali har takalmi.

Layi lafiyarsa lau. Na duba waya a bakin ƙofa. Ruwan wata ya hau kan katin jiya, ya cinye rabin gurbin da na tanada. Kwana bakwai ina gadin farashin zinariya don in tsira da lira ɗari, ashe ɓarawon yana cikin jakata. Abin da ya rage, in an ɗora la'ada, ko kwata ɗaya ba zai saya ba.

Ya leƙo ya ce, "In ajiye miki su zuwa gobe?" Na ce ya mayar. Na taka da ƙafa har gida, ban iya shiga bas in zauna kusa da mutane ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na sa hannu, a bankunan biyu. Matar bankin nan ta ciro lemata daga ƙarƙashin teburinta ta miƙo mini, Allah ya saka mata. Shekara uku na zaɓa. Duka biyun in an haɗa, dubu takwas da ɗari bakwai duk wata, ƙasa da abin da ruwa kaɗai yake ci a da, kuma wannan yana da ranar ƙarewa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fanshona ne.

Kada wata rana in karanta wannan in ɗauka jarumta na yi. Da na'ura ta karɓa jiya, da yau ina gida ina tsara wata ƙaryar.

Kati babu. Kwata babu. Saura kwana takwas.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, bayan magariba

Na faɗa wa Sabri, don cefane zai ragu, kuma shi ba makaho ba ne. Na jira ya gama karin safe, na ajiye takardun banki kusa da farantin zaitun. Ya karanta da yatsa, layi-layi, yadda yake bin takardar gas.

"Wannan lambar, lira ce?"

"Lira ce."

"Tolga?"

Na gyaɗa kai. Na faɗi maganar adashi, da hannu biyu, da sunan Gulay. Na zare warwaron na ajiye, ya ɗauki ɗaya ya auna a tafinsa. Ina jira ya yi ihu, wallahi da ya fi mini sauƙi.

"Wata tara kina kwana kusa da ni da wannan a ciki, Nermin. Ni dodo ne?"

"Kai ka rantse."

"Na rantse a kan yaro, ban rantse a kanki ba."

Ya sa hularsa ya fita. Sai la'asar ya dawo da burodi ɗaya a hammata, mu da muke sayen biyu.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, da rana

Ba ya magana. Ya rage wutar ɗumama ɗaki, ya sa riga biyu.

Lahadi, 1 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Na ɗauki waya in kira Gulay ta ranta mini. Mijinta wata biyar ba aiki, kuma in ce mata me? Na tambayi lafiyar yara na ajiye. Safarta tana cikin durowa ƙarƙashin tawul.

Litinin, 2 ga Disamba, bayan azahar

Ya yi magana yau, yana gyaran famfon kicin, bayansa gare ni.

"Na banki mun ji, za mu ci miya ba nama, ba mu ne farau ba. Na Feride fa?"

"Ban sani ba."

"Ni dai ba ni da shi, kin san abin da ke aljihuna. Rabin giram a wata za mu iya, in na bar gidan shayi. Kwata biyu giram uku da rabi ne na zinariya, wata bakwai ke nan."

"Ranar goma za a yi mata aikin."

"To ki hau ki faɗa mata. Hawa uku ne tsakaninku, ba Izmir ba."

Laraba, 4 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na hau da safe da sunan taya ta aikin gobe. Muka zauna a teburin kicinta muna naɗe ganyen inabi, tana ta lissafa abin da za ta dafa. Na naɗe kusan talatin kafin bakina ya buɗe. Na faɗa mata ba ni da kwata, ba ɗaya ba biyu. Na ce babu hannun Gulay, ba a taɓa yi ba. Na faɗi na kati, da na banki, da rabin giram.

Hannunta bai tsaya ba. Ta gama naɗe wanda ke gabanta, ta jera shi a tukunya.

"Wato banki kin je kin zauna kin yi musu bayani tun makon jiya. Ni sai ana gobe."

"Kunya ce, Feride."

"Kunya. Ranar da na shimfiɗa miki takardar likita a gwiwa, ina kunyar take? Kika bar ni ina ta zuba kamar mahaukaciya, wai gyaɗa."

Ta tashi ta wanke hannu, ta daɗe tsaye a bakin famfo.

"Sati biyu na yi ina saƙa safar nan, da idon nan nawa. Har addu'a nake mata bayan salla, in ce Allah ya buɗa wa Gulay."

Nan na fashe da kuka. Ba ta rarrashe ni ba, ta turo mini tawul ɗin kicin kawai.

Can ta ce, "Takwas za su yi na ƙasa. Na sama su jira. Gobe in Mukaddes ta kira sunanki, ki yi shiru, ni zan ce kin ba ni naki da na ƙanwarki tun jiya. Ba don ke ba, don Sabri, mutumin kirki ne, bai kamata ya shiga bakin Sevim ba. Ɗauki ganye, aiki bai ƙare ba."

Na sauko da sauƙi a ƙirjina, kuma sauƙin nan ya fi komai ba ni kunya.

Alhamis, 5 ga Disamba, ƙarfe bakwai na yamma

Falon Feride ƙarami ne, muka matsu gwiwa da gwiwa. Ta yi girki kamar na biki. Yaya Mukaddes ta shigo tana waige-waige.

"Ina baƙuwar tamu ta Izmir?"

Feride ta riga ni. "Mura ta kama ta, Yaya. Zauna ga shayi."

Ƙaryata ce a bakin Feride, matar da ko farashin tumatir ba ta iya ƙarawa a labari. Har wuyanta ya yi ja.

Aka buɗe littafi. Kwata tana faɗawa faranti ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirgawa. Takwas.

"Nermin."

"Ta ba ni nata jiya, da na ƙanwarta," in ji Feride, idonta a kan butar shayi.

Yaya Mukaddes ta ɗora biro za ta yi alama. Da na bar ta daƙiƙa ɗaya, shi ke nan, an rufe adashi, a watan Fabrairu a sake sabo da ni a ciki, ina kurɓar shayi ina ɗaga hanci. Feride kuma ta zauna da rabin baki, in an tambaye ta dalili ta sake ƙirƙiro wata ƙaryar saboda ni.

"Ban ba ta ba, Yaya."

Muryata ta fito siririya kamar ta yarinyar da aka tsayar gaban allo. Na sake faɗa da ƙarfi. Na ce ban kawo ba, ba ni da shi. Na ce hannun Gulay nawa ne, kuma duk kwatar da suka karɓa daga hannuna tun Mayu da katin bashi na saye ta. Na ce zan biya Feride rabin giram duk wata har wata bakwai, ina so a rubuta a littafi a gaban kowa.

Ba wadda ta tari numfashina. Cokalin wata yana ta juyawa a kofi, sai ya tsaya. Sevim ce ta fara magana.

"Ikon Allah. Malama guda."

"Sevim, ci kek ɗinki," in ji Yaya Mukaddes. Ta cire tabarau ta dube ni. "Shekara sha tara ina riƙe da littafin nan, Nermin, ba a taɓa sa ni rubuta sunan wanda babu ba. Da kin zo kin ce mini kin gaza, da mun san yadda muka yi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ƙaryar ce ba ta cikin kowa."

Ta soke sunan Gulay tun daga shafin Fabrairu, shafi-shafi, tana rubuta nawa a kai, muna zaune muna kallo. Ta rubuta sharaɗin, na sa hannu, mutum biyu suka shaida. Sannan ta ce sabon zubi ba da ni ba, sai na gama da Feride, a lokacin a duba. Na ce daidai ne.

Feride ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Da zan tafi dai ta cusa mini kwanon ganyen inabi a hannu ta ce na Sabri ne, in dawo mata da kwanonta.

Asabar, 7 ga Disamba, da rana

Duk benen ya ji. Matar hawa na ɗaya ta gaishe ni da irin muryar da ake gaida mai takaba. Na amsa, na wuce da kwandon cefanena. Tolga ya kira, na ce masa babu, na ce ubansa ya san komai. Ya ajiye wayar.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Rabin giram, da tsabar kuɗi, na ƙirga wa mai zinariya a kan gilashi. Ƙanƙanuwa ce, sai da na riƙe ta da farce. Na sa ta cikin kwanon Feride na hau.

Ta buɗe ƙofa kumatunta a kumbure, shekaranjiya aka yi na ƙasan. Ba ta ce in shigo ba. Ta ɗaga 'yar zinariyar a hasken taga, ta ciro fensir daga aljihun riga ta ja layi ɗaya a jikin kalandar da ke bayan ƙofa.

"Saura shida," ta ce, maganar tana fita da ƙyar.

"Saura shida. Yaya bakin?"

"Kamar an taka ni da mota. Likita ya ce na sama sai Yuli."

"Feride, ni dai..."

"Kada ki fara, kuka ciwo yake sa mini." Ta kama ƙofar za ta rufe, sai ta tsaya, hannunta ya tafi bakinta. "Safar nan, tunda mai ita babu, ki sa abinki. Na ji an ce gidanku an rage wuta."